Wata Wutar

Shekara ashirin da uku
ina bin mutane da tambaya guda:
"Don Allah, akwai wuta?"
Bencin Arzika mai shayi a Gawon Nama
yana da tabon ƙuna bakwai.
Duk nawa ne.

Ranar sha tara ga azumi na bari.
Ba wa'azi ya kama ni ba, tari ne.
Ya tashe ni tun kafin sahur,
na tofa abin da na tofa a bakin kwata.
Kulu ta haska da fitilar waya,
ta dubi ƙasa, ta dube ni,
ta koma ta ci gaba da damun fura.
Gara ma da ta yi faɗa.

Kwana arba'in hannuna maraya ne,
yana komawa aljihu
kamar akuya mai neman turken da aka tuge.
Na ci goro har harshe ya mutu,
na tauna asuwaki ya zama igiya,
na zagi yaron shagona kan sufana lamba goma
alhali tana cikin aljihuna.

Sai ga Sahabi da janareto a bayan mashin.
Ya ciro wani abu kamar biro mai ƙiba:
"Amshi. Wanga bai da toka, bai son ashana.
Ja sannu, ba irin jan da ka saba ba."
Na ja irin jan da na saba.
Na ƙware, hawaye har gemu,
masu facin taya suna dariya har da tafi.

Dubu tara, sigarin lantarki,
ruwansa mai ƙanshin kankana.
Da na shiga gida Kulu ta shinshina rigata:
"Ina tamu kankanar?"

To ga abin dariya:
ashe ban rabu da roƙon wuta ba.
Ni da ke gyara injin rabin Runjin Sambo,
in an ɗauke, sai in tsaya layi a kes ɗin Haliru,
ya manna mata lamba sha huɗu,
ya kwantar da ita tsakanin wayoyin mutane,
naira ɗari, "dawo bayan la'asar."
Kafin la'asar na leƙa sau uku.

Ba zan yi mata ƙarya ba.
Tarin asuba ya ragu.
Na hau benen Alhaji Maiturare da batir a kafaɗa
ban tsaya a tsakiya ba.
Ran Juma'a a gadar Kwalkwalawa
ƙanshin soyayyen kifi ya tare ni,
ashe haka yake tun da can.

Amma karan taba yana da gindi.
Yana ƙarewa, ka taka, ka san na nawa ne.
Wannan ba ta da ƙarshe,
tana bi na makewayi, tana bi na shimfiɗa.
Likita a asibitin ƙwararru ta ce,
"Me kake sha yanzu?"
Na ce tururi ne kawai.
Ta ce, "Tururin me?"
Na dubi silin.
An sai da biri an sayi kare,
tsugune dai tana nan.

Jiya Luba, shekararta shida,
ta hau cinyata, ta bi gajimaren da hannu:
"Baba, sam mini alewarka."
A shekara ashirin da uku
babu yaron da ya taɓa roƙona taba.
Warinta ya isa gadi.

Na kulle ta a akwatin sufanu,
na gaya wa Sahabi ya nemo ruwa marar ƙarfi,
wanda ke bin sa kuma ya fi shi rauni.

Yanzu dare ne, zafi ya hana barci,
muna kan tabarma a tsakar gida.
Ta mutu tun magariba.
Ga yaran unguwa sun ɗauki ihu: an kawo!
Fanka ta fara juyi a ɗaki.
Makullin akwatin yana hannuna,
Kulu tana kallon hannun,
ni kuma ina ƙirga taurari.
Na kai sha ɗaya.